Daga Kaskon Ƙuli zuwa Allon Aji: Gwanintar Malamar Ingilishi a Matameye

A Matameye, idan mai ƙosai ta ce maka dala ashirin, sefa ɗari take nufi. Dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuwa sefa dubu. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake sana'a ta san wannan lissafi tun kafin ta iya rubuta sunanta. Ta san canjin da za ta mayar, ta san wanda ake bai wa bashi da wanda ake ce wa ya dawo gobe, kuma da yake garin ba shi da nisa da iyakar Najeriya, sau da yawa takan san yadda naira ta kwana. Amma a zaunar da ita a benci a ajin Ingilishi, a ce ta miƙe ta yi jimla ɗaya, sai ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabi, muryarta ta shige ciki. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka ba ta da kai.

Akwai malaman da suka gane cewa mai kaifin lissafin nan da mai sunkuyar da kan nan yarinya ɗaya ce, suka kuma san hanyar da za su bi har ta buɗe baki a aji kamar yadda take buɗewa a bakin faranti. Suna ɗauko sana'ar iyaye mata su mai da ita littafin karatu, daga nan su ja ɗalibai, maza da mata, zuwa ga tambayar da ta fi kowace nauyi: wane aiki ne na mace, wane ne na namiji, kuma wa ya yanke hakan? Aiki ne mai tsari da dabara, ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla. Zan yi maganar malama ne, ko da yake akwai malamai maza da yawa da suka iya shi.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan Matameye da Ingilishi. Garin shi ne hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, kuma hanyar da ta ratsa shi ita ce ke gangarawa Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam, ta bi ta Daura har Kano. A baki, Hausa ta wadatar da mai ciniki duk tsawon wannan hanya. A takarda kuwa labari ya sha bamban: rasit, da rubutun jikin kwalin magani, da saƙon kuɗi a wayar salula, da takardar da ke bayanin injin markaɗe, yawanci da Ingilishi suke zuwa daga kudu. A makarantun Nijar ana fara koyar da harshen daga ajin farko na kwaleji, kuma yana cikin darussan jarrabawar kammala kwaleji, wato BEPC. Sannan a watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Malamar da ke kai-komo tsakanin Hausa da Ingilishi tana tsaye ne a daidai inda ƙasar ta ce ta dosa.

Gwanar malama ba ta fara wannan darasi daga allo. Takan sallami ɗalibai da aikin gida: kowa ya nemi mace ɗaya mai sana'a, a gidansu ko a maƙwabta, ya yi mata tambaya biyar. Me kike sayarwa? Yaushe kika fara? Wa ya koya miki? A ina kike saro kaya? Mene ne ya fi ba ki wahala? A aji ake gina tambayoyin da Ingilishi, ta haka ɗalibi ke koyon kalmomin tambaya da yadda ake jera su. A gida ake yin hirar da Hausa. Washegari a dawo a ba da rahoto da Ingilishi. Ke nan bayani ɗaya ya ratsa kan yaro sau uku, kuma shi ne ya ɗauko shi da kansa.

Kafin su tafi, sai ta yi musu darasin ladabi, domin ta san gidajen da za su shiga. Ba a tsaya wa babba a ka da takarda da biro kamar mai karɓar haraji. A durƙusa a gaisa, a ce, "Inna, malamarmu ce ta ce mu zo mu koyi sana'a a wurinki," ko "Gwaggo, don Allah in tambaye ki?" Ba a tambayar nawa take samu, saboda Bahaushiya ba ta kwance wa yaro bakin lalitarta. Ba a kuma kawo sunan kowa aji. Da waɗannan sharuɗɗa ne iyaye ke sakin jiki, aikin makaranta ya shiga gida ba tare da an ji kamar an zo leƙen asiri ba.

Ranar rahoto allo yakan cika maƙil: ƙosai, fura, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, garin kuka, zogale, rake, kitso, lalle, ɗinki, turaren wuta, saƙar tabarma, kiwon awaki. Kusan kowane aji ana samun yaron da jiya ya ce innarsa ba ta aikin komai, a gida take, yau kuma ya dawo da sana'a uku da take juyawa daga tsakar gidan nan. Abin da ya gano ke nan da bakinsa, irin wanda wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta gano a Batagarawa, kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 ta kira shi ɓoyayyen ciniki: kasuwa ce sukutum da matan kulle ke ci daga gida zuwa gida, yara na kai da kawowa. Gani ya kori ji. Malamar ba ta buƙatar yin wa'azi a kan ƙoƙarin mata, allon ya riga ya yi.

Daga cikin jerin takan zaɓi sana'a ɗaya a bi ta daki-daki, kuma a wannan yanki babu kamar ƙuli. Gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje a shekarun 1960, kafin yuraniyom ya karɓe ta. A Matameye an yi masana'antar matsar man gyaɗa, kamar yadda aka yi a Maraɗi da Magarya. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan harka, amma matsar mai a tsakar gida ba ta tsaya ba, domin a hannun mata take. Malamar kan yanyanka takarda, ta rubuta mataki ɗaya a kan kowace da Ingilishi, ta gauraya su, ta bai wa kowane rukuni ya jera: a ɓare gyaɗa, a soya, a murje a sheƙe ɓawon, a kai markaɗe, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, a kwashe man, a mulmula tunkuzar, a soya ta a cikin man nan. A nan ake koyon kalmomin da ke jera aiki, na farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe. A nan ne kuma ake ganin abin da ba a saba gani ba: yaron da ya fi kowa maki yana juyowa yana tambayar yarinyar bencin baya ko suya ce ke gaba ko markaɗe. Ilimin yana wurinta, kalmomin suna wurinsa, dole su yi musaya.

Sai lissafi. An sayi tiya kaza ta gyaɗa, an samu kwalba kaza ta mai da ƙuli na kaza, nawa aka ci riba? Ɗalibai kan yi saurin cire kuɗin gyaɗa su ce ga riba. Malamar sai ta tambaya: itacen fa? Kuɗin markaɗe fa? Gishiri da ruwa fa? Ribar sai ta yi ta raguwa a kan allo. Can sai ta jefo ta ƙarshe: wunin da matar ta yi a gaban wuta, nawa ne kuɗinsa? Aji yakan yi tsit, domin babu wanda ya taɓa sa wa wannan wuni farashi. Kalmomin jari, riba, faɗuwa da bashi da aka koya da Ingilishi a irin wannan shiru ba sa saurin fita daga kai.

Mataki na gaba shi ne kasuwa. Ana jan bencina gefe, rabin aji su zama masu kaya, rabi masu saye. Ba a buƙatar kayan aiki masu tsada: gwangwanayen da aka yar, tsakuwa a madadin kuɗi, guntayen kwali da aka rubuta farashi. Dabarar tana cikin ƙananan takardun da malamar ke rabawa a ɓoye. Mai sayarwa ta san kuɗin da ta saro kayan, ba za ta sallama ƙasa da haka ba. Mai saye ya san abin da ke aljihunsa, ba zai wuce shi ba. Babu wanda ya san sirrin ɗan'uwansa, saboda haka tilas a yi magana, kuma da Ingilishi. Ana tayi, ana cewa albarka, ana neman ragi, ana roƙon gyara, kowa na lalubo yadda zai faɗi abin da ya saba faɗa tun yana ƙarami.

Lambobi ne ke fara kayar da su. Yarinyar da ta saba da dala hamsin sai ta ninka sau biyar a ka, ta samu ɗari biyu da hamsin, sannan ta nemo sunansa a baƙon harshe. Ga kuma tarkon da ke cikin Ingilishi, inda sha biyar da hamsin suke kusan sauti ɗaya, haka sha uku da talatin. A littafi wannan kuskure maki ɗaya ne. A kasuwar aji kuwa, wadda ta ji hamsin a matsayin sha biyar ta karye nan take, kuma ba za ta sake ba. Duk wannan hayaniya malamar ba ta katse kowa don gyara masa nahawu. Tana zagayawa da 'yar takarda, tana rubuta kurakuran da ta ji sun yi yawa. Sai kasuwa ta watse ta ɗora biyar ko shida a allo, ba tare da ta ce na wane ne ba, aji duka ya gyara. Ta san cewa yarinyar da aka gwale a tsakiyar jimlarta ta farko ba za ta yi ta biyu ba.

Tunda an yi ciniki, sai a zo ga jari. A nan Nijar tana da abin alfahari da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, suka ɗauki adashin da mata suka gada suka yi masa sabon tsari, aka kira shi Mata Masu Dubara. Mata kan haɗu duk mako su zuba abin da suka amince a akwati, mai buƙata ta ranta ta juya ta mayar, a ƙarshen zango a fasa a raba. Daga Maraɗi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Malamar kan kafa irin wannan asusu a aji: a zaɓi shugaba, da ma'aji, da masu ƙirga, kowa ya zuba tsakuwa biyar, masu neman rance su miƙe ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da za su yi da shi. Jimlar sharaɗi ce ke aiki a nan: idan na samu jika biyar zan sayi 'yar akuya, idan ta haihu zan sayar da ɗaya in biya. Sauran su yi tambaya, su kaɗa ƙuri'a.

Wurin nan ne ake sanin malamar da ta san harsunan biyu da gaske. Hausa ta raba aro da rance: tabarmar da ka ara ita za ka mayar, kuɗin da ka ranta kuwa kwatankwacinsu za ka biya. Ingilishi bai damu da wannan ba, abin da ya raba shi ne wanda ya bayar da wanda ya karɓa, "lend" ga mai bayarwa, "borrow" ga mai karɓa. Ɗalibin da aka nuna wa wannan bambanci ya daina ganin Ingilishi a matsayin harshen da ya fi nasa. Ya fahimci kowane harshe da inda ya sa wuƙarsa ya yanka.

Duk abin da ya gabata shimfiɗa ce. Maganar aikin mace da aikin namiji magana ce mai ƙaya, wanda ya shige ta da garaje zai wayi gari iyaye sun zo ofishin shugaban makaranta, ko yara maza sun toshe kunnuwansu. Gwanar malama takan bar nahawu ya yi mata tambayar. A Hausa jinsi ba ya ɓuya: manomi da manomiya, ɗan kasuwa da 'yar kasuwa, ya tafi da ta tafi, kai da ke. A Ingilishi kuwa sunayen sana'o'i da yawa ba sa nuna ko mace ce ko namiji. Sai ta rubuta gajeren labari a kan wani mai sana'a da ya sayi buhun gyaɗa goma, ya ɗauki ma'aikata biyu, ya biya wa yara kuɗin makaranta, ta bar gurbin wakilin suna babu komai. Kusan kowa "he" zai cike. Ta rubuta na biyu, a kan mai ɗebo ruwa da dafa abinci, kowa ya sa "she". Daga nan tambaya ɗaya take yi: a ina labarin ya faɗa muku haka? Sai ta nuna jerin sana'o'in da suka kawo da hannunsu, wanda har yanzu yana gefen allo.

Bayan wannan akwai agogon wuni. Kowane rukuni ya zana da'ira biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa, a cike su daga kiran assalatu zuwa kwanciya, da damina da kuma rani. Ana koyon faɗin lokaci da kalmomin kullum, sau da yawa, wani lokaci, ko kusa. Malamar kan tabbatar an rubuta wahalar kowa: huɗa da noman uba a tsakar rana, da tafiyarsa cin rani, da surfe, daka, ɗebo ruwa da reno na uwa, ga sana'a a kai. Manufarta a ga aikin da ido ya saba tsallakewa, ba a kunyata uban kowa ba. Idan aka zo muhawara, a ce ko ya dace a koya wa yara maza girki, ko wa ya kamata ya riƙe ribar sana'ar mace, takan raba ɓangarori da ƙuri'a, a tsakiya kuma ta ce a yi musaya. Yaron da ya kare ra'ayin da ba nasa ba da jimla biyar na Ingilishi ya zauna a inda ƙanwarsa take zaune, ko da na minti goma ne. Ita kuwa ba ta yanke hukunci. Maki na wanda ya kawo hujja ne, ya kuma saurari abokin hamayyarsa.

Misalan da take kawowa ma daga gida take ɗauko su, don kada wani ya ce baƙuwar aƙida aka shigo da ita. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce da ke aika fatake Sham da dukiyarta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. A nan jihar Damagaram ne asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma ya fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yakan zama gajeren nassin karatu, a koyi faɗin abin da ya wuce da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta rufe ido ga inda sana'ar take ciwo. Cinikin matan kulle a kan farantin talla yake tafiya, kuma farantin a kan 'ya mace yake. Ita ce ke makara, ita ce ke gyangyaɗi a darasi na uku, ita ce ake fara cirewa. A ƙasar da ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin shekara 18, kowace shekarar da yarinya ta ƙara a aji riba ce. Saboda haka aikin ƙarshe da malamar ke bayarwa shi ne: kowane rukuni, maza da mata a haɗe, ya tsara wa wata uwa yadda sana'arta za ta ci gaba ba tare da ɗiyarta ta rasa darasi ba. Wasu su ce a sayar wa masu shago a sari, wasu su ce a karɓi oda ta waya, wasu su ce yayye maza su riƙa kai kaya bayan an tashi. Su rubuta a shafi ɗaya, da jari da farashi da riba, su tsaya gaban aji su gabatar da Ingilishi. A wannan rana ake jin muryar yarinyar nan ta bencin baya tana faɗin lambobi ba gargada, domin lambobin nata ne tun asali.

Wannan aiki ba ya cin kuɗi. Alli ne, da kwali, da tsakuwa, da malamar da ta san harshenta, ta san unguwar da ɗalibanta suka fito, ta kuma girmama matan da ke cikinta. Masu duba makarantu su ba irin waɗannan malamai sarari, su haɗa su da 'yan'uwansu don a koya daga gare su. Shugabannin makarantu kada su ɗauki hayaniyar kasuwar aji a matsayin rashin tarbiyya. Ke kuma Inna, ranar da ɗiyarki ko ɗanki ya durƙusa gabanki da takarda ya ce malama ta aiko shi, ki ajiye muciya ki ba shi amsa. Rabin darasin yana hannunki, kuma babu wanda zai koyar da shi in ba ke ba.